Kwanon Mala

Mace ba ta jira a ba ta labarin yadda aka ci abincinta, kwanon da ya dawo ya ishe ta. Saudatu kuwa tun tana amarya take duba kwanon mijinta Buba, har ga shi furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabinta. Ta san gefensa sarai. Buba a hankali yake ci, yana gutsura yana shafewa, ya bar wurin sumul kamar sabon daɓe. Ta kuma san ɗaya gefen, na abokin cinsa Mala, wanda yake far wa tuwo kamar sun yi faɗa, ya bar ramuka da sawun yatsu uku. Uku, don ƙugiyar kamun kifi ta tafi da ɗaya tun yana saurayi.

Ƙauyen nasu a gaɓar kogi yake, gabas da Haɗeja, inda rabin shekara ƙasa take ƙasa, rabin shekara kuma ta koma ruwa. Buba Bafulatanin gida ne, kakanninsa sun rabu da shanu sun kama noman shinkafa a fadama. Mala kuwa Babarbare ne, masunci, mutanensa daga wajen Tafkin Chadi suka biyo kifi har suka zauna. To, ka san Bafulatani da Babarbare, wasa ne a tsakaninsu tun kaka da kakanni. Zaginsu ba zagi ba ne, kuma abin da ɗaya ya wafce daga hannun ɗaya ya tafi ke nan, ba a bin sawu, ba a fushi. Sau nawa Mala ya tare Saudatu a hanya ya sauke mata ƙwaryar fura daga ka? Ita ma ta taɓa zare masa manyan tarwaɗa daga cikin kwalekwale yana ji yana gani, ba abin da ya iya sai dariya yana cewa, "Ɓarauniyar Fillo! Za mu haɗu!"

Kullum in rana ta take, kafin kiran azahar, kowannensu zai ɗauko kwanon gidansa su haɗu a gindin wata giyayya da ke kan jinga, tudun ƙasar nan da aka tara don tare ruwa. Ciyayya suke irin ta mutanen da. A buɗe kwano ɗaya a cinye tare, sannan a jawo na biyu. Ba a buɗe biyu lokaci guda, Mala ya ce wannan cin 'yan tasha ne. Kuma ba a ƙin kwanon aboki ko gishiri ya yi masa yawa, don mutum ya ci naka ka ƙi nasa, ka zage shi ke nan ka haɗa da matarsa.

Cin nasu kuwa ba ya wucewa sai da tsiya. In Buba ya buɗe dafa-duka, Mala ya ce, "Dafa-duka, ci-duka, Bafulatani kuma ya sha duka." In ɗanwake ne, ya tsinci guda ya ɗaga ya ce, "Wai ɗan wake. To ina uban yake?" In kuma aka jawo kwanon Mala aka ga burabusko, ɓarzajjen geron nan na Barebari, sai Buba ya yatsine fuska ya ce, "Yau ma yashi aka ɗaura wa aure da miya?" Ya ci yana tsaki, ya kuma cinye tas. Miyar kukar Saudatu ce ta fi shan wuya a bakin Mala. "Ka gaya wa matarka," in ji shi, "gobe ta haɗo mini da kwalekwale, in shiga in nemo kifin da ta ce ta saka." Buba ya kawo saƙo gida, Saudatu ta mayar da amsa cewa masuncin da ya kasa kama kifi a kwano ba ta ga abin da zai kamo a kogi ba.

Sai daminar da ruwa ya yi hauka. Jinga ta ɓalle ta ƙasan gari, shinkafa ta nutse tana dab da nuna. Buba ya haye tsallake tun da sassafe da ɗan goran furarsa, yana yankar abin da zai iya cetowa, ruwa har ƙirji. Da rana ta take Mala ya zo gindin giyayya bai ga kowa ba. Ya dubi matan da ke wanki a gaɓa ya ce, "Bafulatanin nan da ruwan fura zai mutu a ciki. Bari in kai masa abincin mutane." Ya sa kwanon da matarsa Falmata ta zuba masa a cikin kwalekwale, ya tura. Matan na kallo ya kai bakin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye rabin kogin, daidai inda ruwa ke murɗawa. Kwalekwalen ya juya kamar mai neman hanya, ya kife. An samu kwalekwale, an samu filafili, an samu hularsa maƙale a kacala. Mala da kwanonsa kuwa ba a gan su ba.

Ba gawa, ba jana'iza. Falmata ta shige ɗaki ta zauna, ita kanta ba ta san ko takaba take yi ko jira ba.

Buba bai yi kuka a gaban kowa ba. Da aka gaji da nema aka daina, rana na takewa ya ce, "Saude, zuba mini," ya ɗauki kwano ya nufi jinga. Saudatu ta ƙyale shi don tausayi. Kwanon ya riƙa dawowa yadda ya tafi, sai 'yar loma a gefe. Ta ce a ranta baƙin ciki ne, zai sake shi.

Ranar da tsoro ya fara shigarta, tuwon shinkafa ta yi miyar kuka. Ta buɗe kwanon a bakin murhu za ta juye wa kaji, sai hannunta ya tsaya cak. Gefen Buba ko taɓa shi ba a yi ba. Ɗaya gefen an ci shi rami-rami, ga sawun yatsu uku a jikin tuwon kamar yanzu aka zare su. A gindin kwanon kuma ruwa ya kwanta, ba na miya ba, wani ruwa mai sanyi mai warin taɓo.

Ta sami Buba a bakin randa yana alwala.

"Malam, da wa kake cin abinci a jinga?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Da wa na saba ci?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Yunwa yake ji, Saude. Tunda nake ban taɓa ganin yunwa irin wannan ba. Ina zan iya sa hannu yana ci haka? Sai dai in riƙa tura masa." Ya ɗauraye ƙafa, ya yi ɗan murmushi. "Ya ce a gaya miki miyar ta yi daidai yau. Wai yanzu ya saba da ruwa."

Ta zauna a kan turmi. Tambaya ɗaya ce ta taso mata, ita ce kuma ba ta son jin amsarta.

"Shi fa? Yana zuwa da nasa kwanon?"

"Kullum. Ai wanda ya taho kawo mini ne. A rufe yake, amma ƙamshi, kai, ba a magana. Sai dai kafin mu gama naki ladan ya kira salla, shi kuma da an kira sai ya ɗauki abinsa ya koma. Ya ce ba zai huta ba sai na ci. Kin dai san ba a ƙi."

Ta sani mana. Ta kuma san wani abu da ba sai malami ya gaya mata ba: duk wanda ya sa abincin da ya kwana a ƙarƙashin kogi a bakinsa, ya daina zama mutumin tudu. Ta durƙusa a gabansa, abin da rabonta da yi tun ƙuruciya, ta haɗa shi da Allah kada ya ƙara zuwa jingar nan. Buba ya dube ta da idanun da suka faɗa, ya ce, "Saboda ni ya shiga ruwan nan, Saude." Ya ɗauki buzunsa ya fita masallaci.

Ta daɗe a kan turmin tana juya zancen. Ƙarshe ta ga abu ɗaya ne kaɗai ya tsaya tsakanin mijinta da kwanon nan, wato nata kwanon. Muddin bai ƙare kafin kiran azahar ba, ba za a jawo na biyu ba. Shi ke nan, ta ce, in ci ne bari mu gani.

Washegari ta sauko da babbar langar da ba ta fitowa da ita sai ranar suna, ta cika ta taf. Langar ta dawo saura rabi. Kashegari saura ƙasa da rabi. Kullum sawun yatsun nan uku yana ƙara tsallako tsakiya, yana cin gefen Buba. Sai Saudatu ta koma dabara. Ta daina miyar kuɓewa, ta daina karkashi, don su ke sa loma ta zarce ba wahala. Ta tuƙa tuwon dawa mai tauri ta miƙa shi da zafinsa. Ta yi garau-garau ta sauke wake bai nuna ba. Ta nemo kifi mai ƙaya, ta antaya barkonon da zai sa ƙato kuka. Ita da duk unguwa ke kira in za a yi girkin biki, yau ga ta tana ɓata abinci da hannunta da gangan, hawaye na ɗiga a gefen tukunya. Duk a banza. Langa ta dawo ko ƙaya ɗaya ba a tofar ba, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba.

Ga shi shekarar ta yunwa ce. Ruwa ya tafi da shinkafar bana, ɗan abin da Buba ya ceto ya ƙare. Masarar tallafin da aka raba ta bi. 'Yarsu Mardiyya da ke aure a Jahun ta aiko da gero a bayan babur, shi ma ya bi. Saudatu ta koma cin ƙanzo da ruwa. Da ta leƙa rumbu ta ga ƙasa, sai ta kwance irin alkamar da aka ajiye don noman rani, ta kai injin niƙa a ɓoye cikin mayafi, kamar mai sata a gidan kanta.

Buba kuwa kullum ƙara zubewa yake. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, in ya yi ruku'u ana ƙirga haƙarƙarinsa ta bayan riga. Ba ya karyawa da safe, ba ya cin na yamma, ya ce komai ba ya masa ɗanɗano. Abin da ya fi tayar mata da hankali, kayan jikinsa kullum da danshi suke, ko rana ta ƙwalle kamar za ta fasa kai. In ta shanya su bushe, yana sawa su koma.

Da abin ya fi ƙarfinta ta je ta fayyace wa Liman Abdulmannan komai. Mutumin kirki ne, bai yi mata dariya ba. Ya ba ta rubutu, ya kuma ce shi da kansa zai je ya zauna da Buba. Ya je ɗin kuwa. Suka zauna a gindin giyayya yana jan carbi har aka kira salla, ba abin da ya gani sai kogi. Langa ta dawo cike, ba a taɓa ba. Liman ya ce, "Baƙin ciki ne, Saudatu, a ci gaba da addu'a." Ranar har ta ɗan ji sanyi a ranta, baiwar Allah.

Washegari hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Buba tsaye a bakin madafa.

"Zuba mini yanzu. Jiya an hana shi ci. Yau da wuri zai zo."

Hantsi! Ta ɗaga kai ta dubi rana. Daga nan zuwa azahar ai ko buhu aka dafa ba zai kai ba. Ta ɗumama na jiya, ta kaɗe sauran garin alkamar ta tuƙa ta ɗora a kai, ta danna da mara har langar ta ƙi rufuwa. Buba ya ɗauka da ƙyar, yana tafe yana tangaɗi. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon tukunyar da babu komai a ciki. Mace ba ta zuwa wurin cin maza, ita tunda take ba ta taɓa taka gindin giyayyar nan ba. Ta yi ta zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai, da ta ga inuwa ta fara gajarta ta figi mayafi ta fita.

Rana tsaka ce, amma jingar shiru kamar an kwashe mutanen duniya. Ba mai wanki, ba mai kamun kifi, ko tsuntsayen da ke damun fadama da kuka ba ta ji ba. Ruwan ya kwanta lumui, kacala ta tsaya ƙyam ba iska. Tana shiga inuwar giyayya sanyi ya kama mata ƙafafu.

Buba na zaune a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, yana tura tuwo da bayan yatsunsa yana dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda rabonta da ji tun kafin ruwa. A ɗaya gefen tabarmar ba kowa. Sai dai wurin ya jiƙe sharkaf daidai mazaunin mutum, ruwa na tsattsafowa yana bin saƙar tabarma. Tana kallo tuwon ya ɓantare daga jikin langa, rami ya buɗe, sawun yatsu uku ya fito. Ta ji ƙarar haɗiya. Ga kuma kwanon a gefe, koren kwanon Falmata mai ɗan fashi a baki, a rufe, gansakuka ta kama gindinsa, tururi na fita ta gefen murfi.

Loma ɗaya ta rage a langa. Buba ya tura ta. Ta ɓace. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yau dai mun ga ƙarshen na Saude. To miƙo yashin naka." Kwanon ya fara jan jiki a kan tabarma, shi kaɗai, yana nufo shi.

Saudatu ta nemi addu'a a bakinta ta rasa. Abin da ya fito shi ne abin da bakin ya saba faɗa wa mutumin nan shekara da shekaru.

"Kai Babarbare! Ɓarawon tuwo! Ka cinye mini rumbu, ka cinye mini iri, sannan ka zo da ɗan kwanonka za ku ci da mijina ku bar ni da yunwa? To na wafce!"

Ta duƙa ta cafke kwanon da hannu biyu. Sanyinsa ya ratsa ta har kafaɗa. Ta ja, aka riƙe. Ta ji riƙon sarai ta ɗaya gefen, riƙon mai jan taru, har ƙafarta ta fara zamewa a kan jiƙaƙƙiyar tabarma tana yin wajen kogi. Ta dubi wurin da fuska ya kamata ta kasance, ta ce, "Af, Mala, fushi za ka yi? Da Bafulatana? Yau aka fara?"

Can sai ta ji wata ƙara kamar ana cika tulu a ruwa, ƙul-ƙul-ƙul, ta daɗe kafin ta gane dariya ce. A cikinta ta tsinci magana, ƙasa-ƙasa, daga nesa: "Ɓarauniyar Fillo." Aka saki. Ta yi baya taga-taga da kwano a ƙirji. Jiƙon tabarmar ya tattaru ya gangara ta gefen jinga ya shige kogi.

Buba ya yi firgigit kamar wanda aka tasa daga barci. Ya dube ta, ya dubi kogi. "Saude? Me ya kawo ki nan?" Ya dafe ciki. "Wayyo, yunwa nake ji." A daidai nan ladan ya kira salla, ita kuwa ta fashe da kuka don murna.

Ta ce ya wuce masallaci, za ta nemo abin da zai ci ko a maƙwabta ne. Saura kwano. Hannunta ya ƙage don sanyi, sai ta saka shi cikin langarta da ta zama wayam, ta ɗora a ka. To ina za ta kai? In ta jefa kogi ta mayar masa ke nan, gobe ya dawo da shi. In ta kai gida, ga hancin Buba. Buɗewa ta zubar kuwa ko kusa ba za ta iya ba. Tana wannan tunani ƙafafunta suka yi abin da suka saba. A garin nan kwanon maƙwabta ba ya kwana a gidan wani, mai shi ake mayar wa. Ba ta farga ba sai da ta ji bakinta yana sallama a ƙofar ɗakin Falmata.

Falmata na zaune a tabarma ta jingina da bango, ta rame ta yi baƙi, gashin da take gyarawa kullum ya cukurkuɗe. Saudatu ta sauke langa a gabanta. Falmata ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Ta kai yatsa ta shafa fashin bakin kwanon.

"Ni na yar da shi a bakin rijiya," ta ce. "Ya yi ta mini tsiya."

Ta ɗaga murfin. Tururi ya cika ɗakin. Burabusko ne da miyar kifi, mai na ƙyalli a sama, kamar yanzu aka kwashe daga wuta. Saudatu ta kau da kai ta toshe hanci da mayafi, amma duk da haka yawu ya tsinke mata a baki, wannan kuwa ya fi komai ba ta tsoro.

"Bai ci ba," in ji Falmata. "Ko loma ɗaya."

"Ya Falmata, don girman Allah kada ki ci. A haƙa rami a binne shi. Kin san inda ya kwana."

Falmata ta yi murmushi, na farko tun ranar da aka kawo mata hula. "Ni na dafa shi, 'yar Fillo. Mace ta taɓa tsoron girkinta? Abin da maza suka rage ai mu ke ci." Ta jawo buta. "Je ki, mijinki na jiranki. Bar langar, zan aiko miki."

Saudatu na iya wafcewa a karo na biyu. Falmata ma Babarbariya ce, hanya a buɗe take, kuma ta san da haka a lokacin. Amma ta wafce ta kai ina? Gaskiyar magana, daɗi ta ji da abin ya bar hannunta, daɗin da ya sa ta jin kunyar kanta tun kafin ta kai zaure. Tana fita tana jin ƙarar ruwa, Falmata na wanke hannu.

Da gari ya waye maƙwabta suka tarar da ɗakin a buɗe, an share shi tas, an naɗe tabarma. A kan jinga aka tsinci mayafin Falmata a ninke, an ɗora masa dutse kada iska ta ɗauka. Sawunta ya gangara har bakin ruwa, bai dawo ba. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya taɓa mata hankali. Ba wanda ya tambayi koren kwano ko langa, don ba wanda ya san da su sai Saudatu, ita kuwa ta ja bakinta ta rufe.

Buba ya warware. Ya daina zuwa jinga, kayansa suka bushe, kumatunsa suka ciko. Zancen cin da suka yi da Mala bayan ruwa kuwa, in ta ɗan taɓo sai ya dube ta kamar tana ba shi labarin mafarkin wani. Ruwa ya janye, fadama ta fito, Mardiyya ta aiko da irin alkama, aka shiga noman rani. Yanzu a gida yake cin na rana, a tsakar gida, shi kaɗai. Saudatu takan zauna nesa kaɗan tana kallonsa yana gutsura yana shafewa, ta ce a ranta ko me aka yi dai ga shi nan da rai. Ita ce abinci ya daina yi wa daɗi.

Ran nan ta kai niƙa, ta tarar da layi, injin kuma ya yi ta mutuwa yana tashi. Ba ta samu kanta ba sai da rana ta take. Ta taho da sauri da ƙwaryar gari a ka, tana tunanin Buba ya dawo daga gona bai tarar da komai ba. Tana sa ƙafa a zaure ta ji santsi. Ta duba. Ƙasa a jiƙe take, sawun ƙafa, ƙanana, na mace, sun shiga sun kuma fito. Warin taɓo ya daki hancinta, a bayansa kuma wani ƙamshi da ta sani.

Sai a lokacin ta tuna. A garin nan in ka kai wa mace abinci a kwanonka, ba ta taɓa dawo maka da shi wayam. Falmata kuwa ba ta taɓa saɓa wannan ba.

Ƙwaryar ta suɓuce, gari ya watse. Ta kutsa ciki tana kiran "Malam! Malam!"

Buba na zaune a tabarma a inuwar ɗaki, buta a gefensa. Ga langarta a gabansa, gansakuka ta kama gindinta, ruwa na bin saƙar tabarma. An buɗe murfin an kifa shi a gefe.

"Kin daɗe," ya ce. "Ya Falmata akwai kirki, kin ga ta dawo miki da langarki. Na jira ki na gaji."

Saudatu ta ƙaraso a hankali, don gudu ba shi da sauran amfani. Ta leƙa cikin langar. Gefe ɗaya ba a taɓa ba. Ɗaya gefen an ci shi har ƙasa, an shafe shi sumul kamar sabon daɓe.

"Burabusko ne," in ji Buba, yana lasar yatsa. Ɗigon ruwa ya gangaro daga gemunsa ya faɗa a gaban riga. "Ashe haka yake da daɗi, duk shekarun nan ina zaginsa. Ga naki nan na rage miki."

Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce bari ya ɗan leƙa jinga ya dawo. Ta riƙe masa hannu da duk ƙarfinta, hannun ya zame daga nata, sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf. Ya fita bai ɗauki takalmansa ba.